Bled ko Sandar Rufin Asiri: Nazarin Zaɓin Wani Ɗan Golf a Bauchi

Mutumin da wannan nazari ya shafa ma'aikacin gwamnati ne a Bauchi mai shekara 52, wanda ya shiga wasan golf, ko ƙwallon lambu kamar yadda wasu gidajen rediyo ke kiransa, shekara 4 da suka wuce, bayan likita ya matsa masa da ya riƙa tattaki saboda hawan jini. Zan riƙa ce masa Alhaji kawai, tunda haka kowa ke kiransa a fili. Handikaf ɗinsa 24 ne lokacin da maganar ta taso. Wannan lamba ita ce ratar da ake ba ɗan wasa gwargwadon ƙarfinsa, kuma a tsarin bai ɗaya da duniya ta koma kansa a 2020 ana fitar da ita ne daga sakamako 8 mafi kyau cikin wasanni 20 na baya-bayan nan, iyakarta kuma 54. A golf wanda ya gama da ƙarancin bugu shi ne gwani, kuma a filin da aka ƙayyade wa bugu 72, mai handikaf 24 yakan tashi da 96 ko kusa da haka a ranar da wasa ya karɓe shi, a sauran ranaku kuwa tsallake 100 ba abin mamaki ba ne.

Asalin lamarin kyauta ce. Ƙanin matarsa ya dawo daga Ingila da sandunan ƙarfe guda 8, daga lamba 3 zuwa lamba 9 da weji ɗaya, wato gajeriyar sandar ɗaga ƙwallo sama daga kusa da rami, na hannu ne amma ba su jigata ba, irin waɗanda 'yan wasa ke kira bled. Duk wanda ya riƙe ɗaya a hannu zai gane abin da ya ja hankalin Alhaji. Kan ƙarami ne, bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, samansa siriri, bayansa a shafe yana ƙyalli ba rami ba zane, idan ka ajiye shi bayan ƙwallo sai ka ga kamar ƙwallon ya fi shi girma. A makon nan Alhaji ya kyautar da tsofaffin sandunansa masu kwarmi a baya, waɗanda mariƙansu suka riga suka sulɓe, ga ɗan yayarsa da ke Gombe. Da wannan ya toshe wa kansa hanyar komawa baya.

Wannan a watan Nuwamba ne. Kafin ƙarshen Janairu handikaf ɗinsa ya hau 26, ya daina ganin ƙasa da 100 a katinsa, kuma akwai wani gajeren rami da ake buga ƙwallo ta saman kwazazzabo wanda ya zame masa ƙarfen ƙafa, domin sau biyu cikin uku ƙwallon a cikin kwazazzabon yake ƙarewa. Da sanyin safiyar hunturu, idan bugu ya kauce, sai ka ga ya saki hannu ɗaya yana yarfewa saboda zafin da ya ratsa masa yatsu. A daidai lokacin wani ya yi masa tallar cikakken jerin sanduna masu faffaɗan gindi da ake sayarwa a Abuja. Tambayar da ya kawo mini ke nan: ya daure da bled har hannunsa ya faɗa, ko ya sake kashe kuɗi?

Kafin a taɓa amsar dole a san inda nau'o'in biyu suka rabu. Nauyin kan sanda mai lamba 7 kusan giram 270 ne, ko bled ce ko mai kwarmi. Abin da ya bambanta shi ne inda aka zuba nauyin. A bled an tara shi a tsakiya, daidai bayan wurin da ya kamata ƙwallo ya taɓa. A ɗayar an ƙwaƙule tsakiyar bayan, an tura ƙarfen zuwa gefuna da ƙasa. Wanda ya taɓa lura da ɗan ga-ruwa ɗauke da garwa biyu a ƙarshen sanda ya san abin da wannan ke haifarwa: idan zai juya a lungu sai ya bi a hankali, domin nauyin da ke nesa da tsakiya ba ya yarda a murɗa shi da sauri, alhali da a ce ruwan a ka ya ɗora shi, juyawa ba za ta ba shi wahala ba. Haka kan sanda yake. Idan ƙwallo ya taɓa gefen fuska, ƙarfin karon yana neman murɗe kan. Kan bled yakan murɗe, ƙarfin bugun ya zube, ƙwallo ya faɗi gajere kuma a karkace. Kan da nauyinsa ke gefuna yakan yi turjiya, sai asarar ta ragu. Nauyin da aka saukar ƙasa kuma yana taimaka wa ƙwallo ya tashi sama ko da bugun ya ɗan yi ƙasa-ƙasa. Shi ya sa ni nake kiran irin wannan sanda ta rufin asiri, domin kuskuren yana nan, sai dai ba kowa zai gan shi a inda ƙwallo ya sauka ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Karsten Solheim, injiniya haifaffen Norwe da ke aiki da kamfanin General Electric a Amurka, shi ya fara gwada ta a 1959 a garejin gidansa da sandar tura ƙwallo cikin rami, daga nan kamfanin Ping ya samo asali, kuma sandunansa na Eye2 da suka fito a 1982 su suka sa talakawan 'yan wasa suka yi ƙaura daga bled. Abin da ya sauƙaƙa masa shi ne zubi. Bled ta gargajiya ƙira ce, ana dukan ƙarfe mai laushi da zafinsa har ya ɗauki siffa, aikin da kowane maƙeri zai gane. Mai kwarmi kuwa an fi narka ƙarfe a zuba a mazubin da aka fitar da kakin zuma, hanyar da masu tagullar Ife da Benin suka bi tun ɗaruruwan shekaru. A yau akwai masu kwarmi da ƙera su aka yi, don haka wanda ke son taushin ƙira a hannu ba lallai sai ya ɗauki bled ba, kuma wannan batu zai dawo a gaba.

A barandar kulob ra'ayi ya kasu biyu, kuma ɓangaren bled ya fi murya. Jagoransu wani dattijo ne da ya haura shekara 30 yana wasa, handikaf ɗinsa bai kai 10 ba. "Alhaji, ka riƙe abinka," in ji shi. "Bled malam ce, ba ta yi wa ɗalibi ƙarya. Da ita muka koya, kuma da ita Tiger Woods yake wasa." Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Woods da bled ya yi suna, kuma tabbas bled tana sanar da hannu inda ƙwallo ya taɓa, tana kuma ba gwani damar lanƙwasa ƙwallo hagu ko dama, ko ya danne shi ƙasa idan iska ta taso. Sai dai ko a cikin gwanaye ba kowa ke riƙe ta ba. Ɗan wasan Amurka Jordan Spieth ya ci manyan gasannin Masters da US Open a 2015 da sandunan Titleist AP2, waɗanda masu kwarmi ne. Idan mai cin abinci da wasan, wanda ke buga ɗaruruwan ƙwallaye a rana, ya ga yana bukatar sassauci, to hujjar cewa sassauci na ragwaye ne ta raunana.

Inda na fi saɓa wa dattijon shi ne batun koyarwa. Horon malam yana amfani ne ga ɗalibin da ke zuwa makaranta. Alhaji yana wasa safiyar Asabar da yammacin Laraba, daga mota sai ramin farko, ba ya ware lokacin atisaye, kuma ba shi da mai koyarwa da zai fassara masa zafin da ya ji a yatsu ya ce ga abin da ƙafarka ko kafaɗarka ta yi. Wata uku bled tana faɗa masa cewa ya kuskure, abin da ya riga ya sani, ba tare da ta faɗa masa dalili ba. Dattijon kuma ya manta cewa lokacin da shi ya koya yana saurayi ne mai yini a fili.

Maimakon a ci gaba da musu, sai muka ware wata yammar Juma'a bayan la'asar muka je gefen fili da ƙwallaye 40, da bled mai lamba 7, da wata mai lamba 7 mai matsakaicin kwarmi da muka aro. Muka manna salatif na takarda a fuskar kowace, domin ƙwallo yana barin tabo a inda ya taɓa. Wannan na atisaye ne kawai, doka ba ta yarda a manna ko a shafa wani abu a fuskar sanda ana cikin wasa ba. Daga bugu 20 da ya yi da bled, 5 ne suka sami cibiyar fuskar. Guda 11 sun taru can wajen ƙarshen kai kuma ƙasa-ƙasa, sauran suka warwatsu wajen dunduniya. Da aka ɓare takardar aka miƙa masa, tabban sun mamaye wuri kamar faɗin kwalin ashana, ya daɗe yana juya ta a hannu bai ce komai ba. Yaron da ke ɗaukar masa jaka, wanda ya yi shekara biyu tare da shi, shi ya katse shirun: "Ranka ya daɗe, ai ni na daɗe da sani. Ni nake goge su kullum, kuma gefe ɗaya ne yake cin ƙasa." Alhaji ya tambaye shi abin da ya hana shi faɗa. Ya ce ba a tambaye shi ba.

Takardar sanda ta biyu kusan hoton ta farko ce, tabban a wuri ɗaya, yawansu ma kusan ɗaya. Wannan yana da muhimmanci, domin ya nuna sandar aro ba ta gyara masa bugu ko kaɗan ba. Inda aka ga bambanci shi ne can inda ƙwallaye suka sauka, wanda yaron ya auna da taku. Da bled, masu kyau sun kai yadi 140, na gefe kuma suka zube tsakanin 115 da 120. Da ta aro, masu kyau sun kai 150, na gefe ba su gaza 138 ba. Nan da nan Alhaji ya kama lambar 150 yana murna, sai da na ja masa birki. Fuskar bled mai lamba 7 takan kwanta digiri 34 ko 35, ta sandunan sassauci na zamani kuwa takan tsaya wajen 28 zuwa 30, wato lamba 7 ɗinsu kusan lamba 6 ce ta da aka sauya wa suna. Fuskar da ta fi tsayawa ta fi tura ƙwallo nesa, ƙarin yadi 10 ɗin daga nan ya fito, kuma masu talla sun fi son a dubi wannan. Abin dubawa na gaskiya shi ne tazarar da ke tsakanin bugunsa mai kyau da bugunsa na yau da kullum: yadi 20 zuwa 25 a bled, kusan 12 a ɗayar. Kwazazzabon da ke cinye masa ƙwallaye yana cikin wannan tazara ne. Mutumin da uku cikin huɗu na bugunsa ke kaucewa cibiya, da bugun da ya kauce ya kamata ya auna sanda.

Da a nan aka tsaya, da sai a ce ya aika kuɗi Abuja a turo masa kayan. Amma ƙasar Bauchi tana da tata maganar, kuma yawancin shawarwarin da ake karantawa a intanet an rubuta su ne don filaye masu ciyawa mai laushi da ake ba ruwa duk shekara. Daga Nuwamba har zuwa faɗuwar damina, inda Alhaji ke wasa ƙasa ce busasshiya mai tauri, wani wurin jar ƙasa da tsakuwa, ciyawar ta ƙone ta kwanta, ƙwallo yana zaune a kan abin da bai fi daɓe laushi ba. Sandunan da aka yi masa talla irin na ƙarshen sassauci ne, gindinsu ya kusa faɗin babban yatsa biyu. Faffaɗan gindi an yi shi ne don ya hana kai nutsewa a ƙasa mai taushi, ya zame a kan ciyawa ya isa ƙwallo. A kan ƙasa mai tauri babu inda zai nutse, sai ya daki ƙasa ya yi tsalle, bakin fuskar ya sami ƙwallo a ciki, ƙwallon ya fita a ƙasa kamar an harba shi da gwafa ya wuce inda ake nufi da yadi 30. Mun sami wani da ke da irin wannan sanda, wanda ya saye ta saboda yawan wasa a filin IBB na Abuja, muka gwada a mako na gaba, kuma abin da ya faru ke nan a kusan duk bugun da Alhaji ya taɓa ƙasa kafin ƙwallo. Mai matsakaicin gindi ba ta tsira gaba ɗaya ba, amma tsallenta bai kai haka ba.

Akwai kuma batun inda ramin yake. A filaye da dama na Arewa ba ciyawa ce ke kewaye da rami ba, yashi ne da aka cakuɗa da mai aka baje, wanda ake kira burawun. A kan irin wannan, gwanintar sa ƙwallo ya sauka ya ja da baya, wadda masu bled ke alfahari da ita, ba ta da wurin nuna kanta. Abin da muka lura shi ne ƙwallon da ya faɗo daga sama ya sauka a cikin yashin yakan tsaya kusa, wanda ya gaza ya sauka a busasshiyar ƙasar gabansa kuma sai yadda tsalle ya yi da shi. Ke nan abin da Alhaji ke bukata shi ne tashi sama da isa wuri, su ne kuma abubuwa biyu da bled ta fi rage masa.

Ƙotar sandunan ma ta ba da nata kason. Na kyautar ƙarfe ne mai tauri mai nauyin kusan giram 130, irin wanda aka yi wa masu saurin juyi, kuma yaron ya shaida cewa daga rami na 13 zuwa sama bugun maigidansa yakan lalace fiye da na farko. Lamba 3 da lamba 4 kuwa, masu kwanciyar digiri 21 da 24 ko kusa, ba ya iya ɗaga ƙwallo da su sama da tsayin bishiyar darbejiya, kuma tunda doka sanda 14 kacal ta yarda a ɗauka, gurbi biyu ke nan a banza. Mun duba yadda gindin ke zama a ƙasa gwargwadon tsayinsa, ba mu ga matsala ba.

Abin da ya fi wuyar warwarewa ba ya cikin awo. Da muka koma mota sai ya ce mini, "Malam, duk na ji, amma yaya zan yi da kyautar yaron nan? Da kuɗinsa ya saya, ya ɗauko tun daga can." Na kuma fahimci akwai wani abu da bai furta ba, wato daɗin da yake ji idan ya jingine jaka a baranda manya suka zaro bled suna yabawa. Ban ga laifinsa ba, kowa yana son a gan shi da kayan gwanaye, kuma wanda ke wasa don nishaɗi yana da 'yancin ya zaɓi abin da ke faranta masa rai ko da katinsa zai sha wuya. Sai dai Alhaji da bakinsa ya ce haushin kwazazzabon nan yana bin sa har gida, ga shi kuma saboda hawan jini ya shigo wasan.

Matsayar da aka cimma ta tsakiya ce, kuma lissafi ne ya kai mu gare ta. Ya bar tayin faffaɗan gindi. Ya tafi Abuja da kansa maimakon aike, saboda jabun sandunan golf suna yawo a kasuwa kuma hoto a waya ba ya nuna su, ya buga kafin ya biya, ya ɗauko na hannu masu kwarmi da matsakaicin gindi, ƙirar maƙera ba zubi ba, daga lamba 5 zuwa weji, da ƙota mai sauƙin lanƙwasa wadda ba ta kai giram 105 ba. Gurbin lamba 3 da 4 ya cike shi da sanduna biyu ruwa-biyu, waɗanda kansu ke tsakanin na ƙarfe da na manyan sanduna. Wejin sabon jerin digiri 44 ne, wejin fitar da ƙwallo daga yashi da yake da shi tun da kuma 56, tazarar da ta yi yawa, sai ga wejin kyautar mai digiri 48 ya zauna a tsakani kamar don shi aka yi. A gajerun sanduna illar bled ba ta da yawa, domin ƙotar gajera ce, fuskar a kwance take, siririn gindin kuma yana shiga ƙarƙashin ƙwallo a busasshiyar ƙasa fiye da mai faɗi. Ta haka kyautar ta ci gaba da zama a jaka bisa cancanta. Bled mai lamba 7 kuma ya bar ta a but ɗin mota tare da salatif, don atisayen minti 20 kafin wasan Laraba, wanda shi ne kaɗai ɓangaren shawarar dattijon da na ga ya dace da shi.

Zuwa ƙarshen Agusta, bayan wasanni fiye da 20 sun shafe tsofaffin sakamako, handikaf ɗinsa ya sauko 22. Ba zan jingina wannan duka ga sanduna ba. Damina ta sauka a tsakani, ƙasa ta yi laushi, ciyawa ta ɗaga ƙwallo, kuma atisayen Laraba sabon abu ne da bai taɓa yi ba. Katunansa sun nuna har yanzu yana kashe bugu 36 zuwa 38 wajen tura ƙwallo cikin rami, yana kuma ɓatar da ƙwallo ɗaya ko biyu daga bugun farko, waɗanda babu sandar ƙarfen da za ta magance su. Abin da za a iya danganta wa canjin kai tsaye shi ne ramin kwazazzabo, inda a wasanni 10 na ƙarshe sau 2 kawai ya faɗa, da kuma daina yarfe hannu. Takardar da muka sake mannawa a Yuli ta nuna tabo 8 cikin 20 a cibiya, sauran suna nan wajen ƙarshen kai, sai dai sun ɗan matso ciki. Ragowar bled guda 6 suna jingine a bayan ƙofar sito, kuma mun yi da shi cewa idan hunturu ya dawo ƙasa ta sake tauri, za mu koma gefen fili da ƙwallaye 40 ɗin nan mu ga ko matsakaicin gindin zai riƙe abin da ya samu a damina.